Gargaɗi: mai "sayo kayan idol daga Japan" ya tafi da ₦360,000 na jama'a

Jama'a, duk wanda yake cikin zaurukan masoya Nogizaka46, Sakurazaka46, Hinatazaka46 ko AKB48 (ƙungiyoyin 'yan mata mawaƙan Japan da ake kira idol) a WhatsApp da Telegram, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya sake tura wa wani ko sisi. Akwai wani da ke yawo yana cewa shi ɗalibi ne a Osaka, yana sayo wa mutane faifai da hotuna yana aiko musu gida. Ƙarya yake yi. Naira dubu ɗari uku da sittin ya karɓa daga zaurenmu, ₦360,000, yau kuma wayarsa a kashe take, ya goge hotonsa, ya fice daga zauren. Ba zan rubuta sunan da ya ba mu ba, don mun gano ba nasa ba ne, kada a je a kama wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Allah ya isa.

Sau uku ya karɓi kuɗin: ₦240,000 na kaya, ₦75,000 na aike, sai ₦45,000 wai na kwastan. Ku haɗa ku gani. Kuɗin ɗalibai ne, har da mai ɗinki da ta yi adashe ta zuba.

Kafin wani ya zo yana cewa ai wauta ce, ya fara jin yadda aka yi. Odar farko ta iso. Hotuna uku ne na memba ɗaya, irin waɗanda ake kira nama-shashin, cikakken saiti: yori na fuska kusa, chu na rabin jiki, hiki na tsaye gaba ɗaya. Kowanne a cikin 'yar ledarsa, an haɗa su tsakanin kwali biyu, an manne da siririn tef na takarda an lanƙwasa bakinsa don a ji daɗin ɓarewa, yadda masoya a Japan suke naɗe wa junansu kaya. An sa ruwla an auna, milimita 89 da 127, girman da suke kira L. Na gaske ne. Har yanzu na gaske ne, suna nan. To wa zai ga wannan ya ce ɓarawo ne? A gabana aka buɗe ambulan ɗin, na juya hotunan gaba da baya, ni ne na rubuta a zaure cewa kayan sun inganta. Abin da na gani na faɗa, kuma ko yau aka sake ajiye mini su abin da zan faɗa ke nan.

Sannan mutumin ya san harkar. Ba irin waɗanda za ka tambaye su oshi ɗinsu, wato membar da suka fi so, su yi shiru ba ne. Ya san cewa sabon faifan Nogizaka46 yana fitowa kashi-kashi, Type A, B, C, D da kuma na gama-gari, ya san cewa bugun farko ne yake zuwa da takardar shiga taro da hoto guda ɗaya a ciki. Da wata ƙanwarmu ta ce ya zaɓo mata faifan da ke da hoton wadda take so, sai ya ce mata ba zai yiwu ba, hoton cikin faifan da ba a buɗe ba sa'a ce, ba wanda ya san wace ce a ciki, kuma shi ba zai yi alƙawarin abin da ba shi da iko a kai ba. Wannan maganar ita ta kashe mu. Ina ta komawa ina sake karanta ta. Macuci ya ƙi karɓar kuɗi a kan abin da ba zai iya ba! Wanda zai yi haka, yaya za a yi ka ce ba mai amana ba ne? Ashe ya ƙi dubu uku ne don ya ɗauki ₦360,000.

Farashinsa ma bai nuna komai ba. Sabon faifai mai Blu-ray yana kusa da yen 2,000, ya sa daidai da haka da ɗan ribarsa. Tsofaffin kuma ya karya su ƙwarai, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda abin yake: masoya a can suna sayen faifai iri ɗaya goma, ashirin, saboda takardun ciki kawai, su cire takardun su zubar da faifan a shagunan gwanjo irin su Book Off. Haka ake yi tun zamanin da AKB48 ke gudanar da zaɓenta na shekara-shekara na membar da ta fi farin jini, daga 2009 zuwa 2018, lokacin da ƙuri'a take cikin faifai. Saboda haka faifai mai arha daga Japan ba alamar cuta ba ce. Lissafinsa ya zauna daram.

Bari in koma baya, na tsallake maganar lambar waya, ita ce ma ta farko. Tun ranar da ya shigo ya rubuta "lambata ta Japan" ta fara da 080, an raba ta da 'yan layuka. Ku sani, lambobin wayar hannu a Japan ma da 070, 080 da 090 suke farawa, kuma guda goma sha ɗaya ne cif kamar namu na Najeriya. Idan aka rubuta ba tare da lambar ƙasa ba, ido ba zai bambance ba. Ta Japan +81 ce, tamu +234. A Telegram ya ɓoye lambarsa, a WhatsApp kuma ya ce tsohon layinsa na gida yake amfani da shi saboda iyayensa. Mutane da yawa da ke waje haka suke yi, shi ya sa ba wanda ya ɗaga gira.

Hotunan kayan da ya riƙa turowa yana cewa "ga naku na sayo", daga Mercari ya kwaso su, kasuwar gwanjon intanet ta Japan. Bayan abin ya faru aka saka su a Google Lens ɗaya bayan ɗaya, suka fito. Ya yanke kusurwar da jan tambarin SOLD yake fitowa. Da ka jera su za ka ga wannan a kan tabarmar tatami, wancan a kan farin tebur, wani a hannun mace mai jan farce, wai duk a ɗakinsa. Amma ba a jere ya turo su ba, yau ɗaya, bayan kwana biyu wani, a tsakiyar hira. Akwai kuma hoton titin Akihabara da rana tsaka da ya turo ya ce "yanzu na fito daga shago". Agogon saƙon ya nuna ƙarfe uku na yamma a nan. Japan tana gabanmu da awa takwas, ke nan sha ɗaya na dare ne a can. Kuma Akihabara a Tokyo take, shi da ya ce a Osaka yake zaune. Duk na ɗauki hoton waɗannan saƙonnin, zan ɗora su da zarar na gama rufe sunayen mutanenmu.

Bayan ₦240,000 ne aka zo kan aike. A'a, kafin nan sai da ya yi shiru na wani lokaci ya ce jarrabawa yake yi, sannan ya dawo da hoton kwali a kan sikeli. Ya ce ₦75,000. Aka tura. Ya ba da lambar bibiyar kaya, kuma tsarinta daidai: harafi biyu a gaba da suka fara da E, alamar EMS, wato aiken gaggawa na gidan waya, lambobi tara, sai JP a ƙarshe, goma sha uku ke nan. Ya turo hoton shafin da ke nuna an karɓi kaya a gidan waya, ya yanke sama inda kwanan wata yake, ya yanke ƙasa. Da aka ɗauki lambar aka shiga shafin Japan Post kai tsaye, sai ga shi kayan wani ne da aka aika wata ƙasa daban, har an daɗe da miƙa wa mai shi. Lambar gaske ce, ta wani ce. Sai dai kafin a duba an riga an tura ₦45,000 na kwastan, domin ya turo saƙo da dare cewa an riƙe kwalin a Legas, idan ba a biya kafin safe ba za a mayar da shi. Mai sayarwa da ke zaune a Japan ba shi da hurumin karɓar kuɗin kwastan na Najeriya. Idan akwai abin biya, a nan ake biya bayan kaya sun iso, a hannun hukuma, da rasit. Ya zaɓi dare ne don kada a samu wanda za a tambaya. ₦45,000 a dare ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai ban ma saka shi a cikin ₦360,000 ɗin ba, don sai daga baya ya fito. Ashe yana bin sababbin shiga ta bayan fage yana sayar musu da miguri, wato ganawar bidiyo da memba, ₦20,000 kowanne, wai minti biyar, yana ce musu kada su faɗa a zaure gurbin kaɗan ne. Wannan da a zaure ya faɗa, da a ranar asirinsa ya tonu. Ganawar nan ta maye gurbin taron musabaha ne tun 2020 da annobar korona ta zo. Ana nemanta ta hanyar ƙuri'ar sa'a a shafin forTUNE music, gurbin yana rataye da asusun wanda ya ci da sunansa, ba abin da za a tura wa wani ta WhatsApp ba ne. Takarda ɗaya kuma, wadda faifai ɗaya yake bayarwa, kusan daƙiƙa goma ce. Minti biyar ke nan faifai wajen talatin. Har akwai yaron da ya sayar wa ganawa da Saito Asuka, tsohuwar membar Nogizaka46, wadda ta yi bikin bankwananta a Tokyo Dome tun watan Mayu na 2023. Yaron tsofaffin bidiyo yake kallo a YouTube, bai san ta bar ƙungiyar ba. Wallahi wannan zalunci ne.

Haka ma idan ya zo muku da tikitin wasa. Yawanci ta ƙuri'a ake samun su, da sunan mai nema, kuma ana iya neman katin shaida a ƙofa. Japan tana da dokar hana sayar da irin waɗannan tikiti da tsada ba da izini ba tun watan Yunin 2019, hukuncinta ya kai ɗaurin shekara ɗaya ko tarar yen miliyan ɗaya, ko duka biyun. Ɗalibin gaske mai zaman biza ba zai yi wasa da wannan ba.

Da aka matsa masa lamba, sai ya aiko ambulan ta motar haya wai "kashin farko". Babu kan sarki na Japan, babu komai. Hotuna ne da aka wanko a shagon hoto na gida, sun fi L girma, fuskokin sun yi dishi-dishi, rubutun sunan memba a ƙasa ya dagargaje saboda daga intanet aka sauke. Sai a lokacin muka tuna cewa ambulan ta farko ma daga cikin gida ta zo, ya ce abokinsa ne ya zo hutu ya taho da ita. Wato ya sayi saiti ɗaya na gaske ya yi tarko da shi. Hotuna uku. Da hotuna uku ya sayi amanar zaure guda.

Kuma ya san inda ya taɓa. Ya san yawancinmu ba za su iya zuwa gida su ce an cuce su wajen sayen hotunan mawaƙan Japan ba. Dariya za a fara yi, sannan faɗa. Akwai waɗanda suka roƙe ni kada in rubuta wannan, akwai wadda ta ce ta yafe don kada yayanta ya ji. Da wannan kunyar yake cin abinci, shi ya sa nake da tabbacin ba mu ne na farko ba. Son waƙa da tara hoto ba laifi ba ne, kuɗinmu ne na halak, wanda ya sata shi ne abin kunya. Ni ban yafe ba.

An kai ƙorafi banki da rasit ɗin turawa guda uku. Asusun na manhajar waya ne, sunan da ke kai kuma daban da wanda ya ba mu, ya ce na ƙaninsa ne. Muna haɗa takardu don kai wa 'yan sanda da EFCC. Duk wanda ya taɓa tura wa irin wannan mutumin kuɗi, daga kowane zaure, ya ajiye rasit da hirar, kada ya goge komai, ya yi mini magana.

Sauran ku kuma: kada ku tura wa mutum kuɗi. Ku saya da kanku a shagon intanet na CDJapan, ko ta Buyee ko ZenMarket, kamfanonin da ke sayo wa mutum kaya a Japan su aiko masa, idan kayan Mercari ne. Wanda ya ce yana Japan, ya yi kiran bidiyo a waje ku duba agogo, ya ɗauki kayan tare da takarda mai sunanku da rasit na ranar daga shagunan unguwa na can irin su Lawson ko FamilyMart. Lambar bibiya ku shigar da ita da hannunku, kada ku karɓi hoto. Hotunan hirar da na rasit ɗin ₦240,000, ₦75,000 da ₦45,000 suna tafe a daren nan in sha Allahu.