Ajin Holanci a Jidda: malamar ta san inda harshenmu ke sarƙewa

Mai shirin bin miji ko mata zuwa Holan sai ya ci jarrabawar harshe a ofishin jakadanci kafin biza. Dokar tana aiki tun 2006, jarrabawar ta matakin A1 ce, wato matakin farko na mai koyon harshe, kuma akwai ɓangaren magana. Ajin yamma da wata malama ke yi a Jidda ya ci kuɗinsa saboda yadda take koyar da furta kalmomin da Holanci ke liƙawa biyu ko uku a rubuta su a haɗe.

Ba ta barin ɗalibi ya buɗe baki sai ya ja layi da fensir inda kalmomin suka haɗu, don a nan gaɓa take yankewa. Huisarts, likitan iyali, huis-arts ne. Bakin Bahaushe kuwa zai ja s ɗin gaba ya ce hui-sarts. Daga nan sai nauyin murya, wanda galibi kan kalmar farko yake sauka: ZIEkenhuis, asibiti. Irin su stadHUIS da suka saɓa, haddace su take sa a yi.

Inda ta fi burgewa shi ne baƙaƙen da ke karo a mahaɗa. Mu da muka saba da babba da hannu, ga kuma shaddar Larabci, da mun ga handdoek, tawul, sai mu danne d biyu. Mutanen Holan d ɗaya suke furtawa: han-duk. A zakdoek, hankici, k tana komawa g irin ta Hausa saboda d da ke bin ta, haka t ta voetbal tana zama d. A postkantoor ma t ɗin tsakiya yawanci ba a jin ta. Boekenkast kuma, n ɗin haɗin a takarda take zama, yawancin masu harshen ba sa furta ta.

Gaɓar Hausa ba ta fara da baƙi biyu a jere, shi ya sa muke cusa wasali, storm ta koma sutorom. Maganinta shi ne gina kalma daga baya: orm, torm, storm, sannan herfststorm. Yana aiki ƙwarai. Sautin g na Holanci bai ba kowa wahala ba a nan, tunda kusan kha ce ta Larabci.

Gyara biyu take bukata. Yaran da suka tashi a Saudiyya b suke yi a gurbin p, pak ta zama bak, manyan kuma f suke yi, amma da sauri take wuce wannan. Sannan muryarta kaɗai ake ji a ajin. Mai shiga ya haɗa da kundin Naar Nederland na shirin jarrabawar, ya riƙa sauraron muryoyin da ke ciki kullum, ko da minti 15 ne.