OrcaSlicer: launukan da suka nuna min laifina

Sati biyu ina fama da wata 'yar fitilar ado mai dogon tsini da nake bugawa a injin buga 3D, mai gina abu shimfiɗa bisa shimfiɗa da narkakkiyar roba, irin wadda ake kira PLA. Gindinta sumul, amma tsinin kullum sai ya fito a narke kamar kyandir ya sha rana. Na sauya roba, na rage zafin bakin injin daga digiri 210 zuwa 200, duk a banza.

Abin da ya cece ni yana cikin OrcaSlicer, manhajar da ake saukewa kyauta, wadda ta samo asali daga Bambu Studio. Aikinta shi ne yanka samfurin abin da za a buga zuwa shimfiɗu. Bayan ta yanka, a shafin dubawa akwai zaɓin Layer Time, mai shafa wa kowace shimfiɗa launi gwargwadon daƙiƙun da za ta ci: shuɗi ga mai sauri, ja ga mai jinkiri. Tsinina shuɗi ne tas! Shimfiɗa ba ta kai daƙiƙa 3 ba, wato kafin ta huce bakin injin ya sake zuba mata wata mai zafi.

Na ɗaga mafi ƙarancin lokacin shimfiɗa zuwa daƙiƙa 10, na kuma jera fitilu biyu a faranti ɗaya don kowace ta samu sararin hucewa. Tsini ya miƙe.

Shawarata, Layer Time iri biyu ne: zaɓi na biyun, mai suna log, wanda ke fito da bambancin shimfiɗu masu gajeren lokaci. A na farkon, shimfiɗar gindi mai cin mintuna takan danne sauran launuka, komai ya koma shuɗi. Inda launi ya yi tsalle kwatsam kuwa, can nake fara tsammanin zane zai fito a jikin abin da zan buga tun kafin in kunna inji.