OR-Tools wajen tsara zagayen motocin kwasar shara: abin da na gani

Na yi amfani da OR-Tools, manhajar kyauta ta Google, wajen tsara zagayen motocin shara da auna inda ya kamata garejinsu ya zauna. Wajen jera wuraren tsayawa ta iya aiki sosai, amma ba manhajar danna maɓalli ba ce, sai da wanda ya iya Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ko makamancinsa.

Ba ta san titi ba. Kai za ka ba ta jadawalin nisa tsakanin kowane tankin shara da ɗan'uwansa, wanda ni da OSRM, wata manhajar lissafin hanya, nake fitarwa daga OpenStreetMap, taswirar kyauta ta intanet. Wurare 500 na nufin gurabe 250,000 a jadawalin, wato 500 sau 500. Kada ka ɗauka zuwa da dawowa nisansu ɗaya, titin da ba a bi sai ta hannu ɗaya yana canja lissafi. A gyara OSRM ya dace da babbar mota, in ba haka ba zai tura ta lungun da ƙaramar mota kaɗai ke shiga. Kuma cikakkun lambobi, marasa ɗigo, OR-Tools take karɓa, don haka a rubuta nisa da mita, lokaci da daƙiƙa.

Inda aikin yake shi ne juji. Motar shara takan cika, ta je ta juye, ta dawo ta ci gaba. Dabarar ita ce a saka jujin sau da yawa a jadawalin, kowane kwafi yana mayar da lodin mota sifili, a kuma ba manhajar damar tsallake wanda ba ta buƙata. In ba a yi haka ba, sai ta nemi motocin da suka fi na hannunka yawa, ko ta ce babu mafita. Nauyin shara kuwa a auna shi a sikeli, a bar rata, don sharar damina ta fi ta rani nauyi.

Lokacin tsayawa ma ana yawan raina shi. Minti 3 a wurare 120 awa 6 ke nan, ba a ma lissafa tuƙi da layin juyewa ba.

Zaɓen gareji ba aikin OR-Tools ba ne kai tsaye. Na fi yarda da a ware filaye huɗu ko biyar da za a iya samu da gaske, a gudanar da lissafin da kowanne, a kwatanta jimillar kilomita da awannin aiki. Tsakiyar taswira na yaudara: filin da ke tsakanin unguwanni masu yawan shara da juji yakan fi shi, domin tafiyar mota ba lodi ita ke cin mai a banza.

Ga kwasar gida-gida, inda titin ne gaba ɗaya ake bi, sai an sassare shi gunduwa-gunduwa, kuma sakamakon bai kai na tankuna kyau ba. A kuma sa wa binciken da manhajar ke yi na neman mafita iyakar lokaci, don wasu salonsa ba sa tsayawa da kansu.