Sharhi Kan Rangadin Iyali a Fadar Alhamra: Abin da Ya Riƙe Hankalin Yarana da Abin da Ya Gundure Su

Na daɗe ina ganin cewa kai ƙananan yara wurin tarihi wahalar da kai ne da wahalar da su, domin na sha ganin uba yana ƙoƙarin sauraron bayani alhali ɗansa yana jan gefen rigarsa yana tambayar yaushe za a fita. Saboda haka, da muka shirya ziyartar fadar Alhamra da ke birnin Granada a kudancin Sifaniya, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu uku, sai na ƙi yarda mu shiga da ka, na nemi ɗaya daga cikin kamfanonin da ke shirya rangadi na musamman domin iyalai masu yara. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba tun da ina da ƙorafi a kansa, kuma irin wannan hidima ana samunta a manyan wuraren tarihi da dama, don haka abin da na gani zai iya amfanar wanda ya nufi wani wuri dabam.

Abin da suka yi alkawari shi ne mai jagora wadda ta saba da yara, tafiya ta awa 3 cikin ƙaramin rukuni, da 'yar jaka ga kowane yaro mai ɗauke da littafin aiki, fensira masu launi, ƙaramin madubi da guntayen kwali da aka yanka cikin siffofi iri-iri, sai kuma wasan tambayoyi da ake yi a waya. Babbar 'yarmu shekarunta 11, na tsakiya yana da 8, auta kuma 4, kuma wannan tazarar ta shekaru ita ce ta fito da ƙarfin hidimar da kuma rauninta.

Tun kafin ranar, kamfanin ya yi abu guda da ya cancanci yabo, wato ya aiko mana da ƙa'idojin shiga a rubuce. Sashen fadojin sarakunan Banu Nasr, wato gidan sarautar Musulmi da ya gina fadar, ana shigarsa ne a kan lokacin da aka buga a jikin tikiti, wanda ya makara kuwa ya rasa, kuma kowane yaro sai da nasa tikitin komai ƙanƙantarsa, ga shi ana neman fasfo a ƙofa. Sun kuma rubuta cewa ba a shiga wannan sashe da keken tura yara, amma ban karanta wannan layin da kyau ba, don haka laifina ne da na ƙare da auta a kafaɗa fiye da rabin tafiyar. Dokar kanta ba abin zargi ba ce, domin duk wanda ya ga ƙuncin wasu ƙofofin da laushin adon bangon zai fahimci dalilinta.

An fara da sashen Alƙasaba, wato tsohuwar ganuwar sojoji, kuma a nan ne mai jagorar ta kusa rasa yaran tun ba a je ko'ina ba. Ta tsayar da mu a rana ta yi ta jero shekaru: cewa Muhammad ibn al-Ahmar ne ya fara ginin a 1238, cewa sarki na ƙarshe ya miƙa birnin ga sarakunan Kirista Ferdinand da Isabella ranar 2 ga Janairun 1492, cewa hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin jerin kayan tarihin duniya a 1984. Duk gaskiya ne, ni ma na ƙaru, amma yaro ɗan shekara 8 bai san bambancin 1238 da 1492 ba, dukansu a wurinsa "da can" ne. Abin da ya ceci wannan ɓangaren shi ne hawa hasumiyar da ke da ƙararrawa a samanta, inda ake hango birnin gaba ɗaya da duwatsun Siyera Nebada, aka ce wa yaran su nuna ta inda za su fara hango maƙiyi da su ne masu gadi. Nan take gardama ta kaure tsakanin manyan biyu, kuma daga gardamar suka gane da kansu dalilin da ya sa aka ɗora ginin a kan tudu.

Da muka shiga fadojin ne hidimar ta nuna amfaninta na gaske. Shafin farko na littafin yana ɗauke da jimla ɗaya ta Larabci, taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah", ma'ana babu mai rinjaye sai Allah, aka ce kowane yaro ya yi alama duk inda ya gan ta a bango. Babbar 'yarmu tana iya haɗa baƙin Larabci, don haka ta ɗauka aikin ba zai yi mata wuya ba, sai ta tarar an rubuta jimlar da salo dabam-dabam, wani a miƙe cikin sauƙi, wani a murɗe cikin ganyaye da furanni har sai an ƙura ido kafin a gane rubutu ne. Ta haura 40 kafin ta daina ƙirga, ta juyo ta ce mini, "Baba, ashe bangon nan duk magana ce." Da ni aka bar wa bayanin, da na ce mata adon bangon yana cike da rubutu, ta gyaɗa kai ta manta, amma da yake ita ta tono abin da idonta, har yau idan aka ambaci tafiyar da shi take farawa.

Madubin ma dabara ce mai kyau wadda ban taɓa tunaninta ba. A babban zauren hasumiyar Komares, wadda aka gina a zamanin Sarki Yusuf na Ɗaya, rufin katako ne da aka haɗa da guntaye 8,017 aka tsara su hawa-hawa domin su nuna sammai bakwai, kuma a ƙarƙashinsa an zagaye bangon da Suratul Mulk. Babba ma idan ya ɗaga kai na minti biyu wuyansa zai gaji, balle yaro. Da aka ce su riƙe madubin a tafin hannu su dubi ƙasa, sai rufin ya sauko gabansu, suka tsaya cik suna ƙirga hawan taurarin. Ko auta, wanda har zuwa lokacin ba abin da ya dame shi sai kifayen da ke cikin dogon tafkin farfajiyar waje, ya karɓi madubin ya yi shiru na ɗan lokaci.

Farfajiyar Zakuna ita ce wurin da kowa ke ɗokin gani, kuma a nan na ga mafi kyawun aikin mai jagorar da kuma mafi muninsa cikin rabin awa guda. Sarki Muhammad na Biyar ne ya gina ta a ƙarni na 14, tana da ginshiƙan marmara 124, a tsakiyarta kuma zakuna 12 suna ɗauke da babban kwano wanda aka sassaƙa baitocin mawaƙin fada Ibn Zamrak a bakinsa, ruwa yana bin ƙananan magudanai huɗu da suka raba filin. Aikin da aka ba yaran shi ne su zagaya su gano ko zakunan iri ɗaya ne. Daga nesa kowa zai rantse cewa a tukunya ɗaya aka zuba su, amma da aka matsa sai ga bambanci a gezar wuya da fuska, na tsakiya har ya zana biyu a littafinsa domin ya nuna wa yayarsa hujja. Wannan aiki ne da ba ya bukatar sanin tarihi ko kaɗan, ido kawai yake bukata, shi ya sa ya haɗa mai shekara 11 da mai shekara 8 a kan abu ɗaya.

Sai dai daga nan ta shiga ba da labarai ba tare da ta bambance tarihi da almara ba. Ta ce zakunan agogo ne a da, kowane ɗaya yana fitar da ruwa a awarsa, ta faɗe shi kamar abin da aka tabbatar, alhali labari ne da ake yawan maimaita wa masu yawon buɗe ido. Mafi muni, da muka shiga zauren da ake dangantawa da dangin Banu Sarraj, ta nuna jan tabon da ke cikin kwanon marmara ta ce jinin mutanen da aka yanka a wurin ne, ta ƙara gishiri iyakar iyawarta. Tabon tsatsa ne, kuma ko da labarin kisan yana cikin abin da ake faɗa game da zauren, akwai hanyar da ake gaya wa yaro ɗan shekara 4 da ta fi wannan. Auta ya ƙanƙame mahaifiyarsa ya ƙi sauka, na tsakiya kuma ya yini yana tambayata ko da gaske ne. Ba na adawa da almara a irin wannan rangadi, domin ita ce ke sa dutse ya yi rai a idon yaro, amma kalma uku kacal, "mutane suna cewa", da sun wadatar wajen raba ta da gaskiya. Yaron da aka kai wurin tarihi yana ɗaukar duk abin da babba mai alama a ƙirji ya faɗa a matsayin karatu.

Wasan waya kuwa ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Mun gwada shi na minti goma, na lura yaran sun daina kallon bango sun koma kallon allo suna rige-rigen danna amsa, sai na kashe shi na mayar aljihu. Ban ga hikimar a kawo yaro gaban ginin da ya haura shekara 600 sannan a ba shi dalilin sunkuyar da kai ba.

Guntayen kwalin sun fi shi amfani nesa ba kusa ba. Ƙasan bangon fadojin an lulluɓe shi da ƙananan tayil masu launi da aka yanka aka jera ba tare da an bar giɓi ba, irin tsarin da ya ja hankalin mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, Escher, har ya ziyarci wurin a 1922 ya sake komawa a 1936 yana kwafar su. Tun da an hana taɓa bango, sai aka zaunar da yaran a wani benci a waje aka ce su haɗa guntayensu su fitar da irin tsarin da suka gani. Na tsakiya, wanda malamansa ke kuka da shi kan lissafi, shi ya riga kowa gane cewa siffa ɗaya ce ake juyawa ana maimaitawa. Na so a ce an ba wannan aikin rabin awa maimakon minti goma da aka ba shi, a rage daga jawabin farko.

Awa 3 ta yi wa ƙaramin yaro yawa, kuma tsarin kamfanin bai tanadi hutu na gaske ba. Ni na roƙa aka tsaya a fadar Sarki Charles na Biyar, wadda aka fara ginawa a 1527, mai kusurwa huɗu daga waje amma da'ira a ciki, domin nan ne kaɗai na ga fili da inuwar da yaro zai ɗan sake. Littafin aikin ma an rubuta shi ne domin wanda ya iya karatu, babu ko shafi ɗaya na shafa launi ko neman dabba da zai dace da auta, alhali a tallarsu sun ce daga shekara 4 ne. A ganina gaskiyar magana daga shekara 7 zuwa 12 ne, kuma da sun faɗi haka da ba wanda zai zarge su.

An rufe da lambun Generalife, kuma a nan mai jagorar ta wanke kanta a wurina. Ta tsayar da yaran a gindin matakalar da ruwa ke gangarowa ta cikin kwarin da aka yi a kan bangon hannunta na dama da na hagu, ta tambaye su yadda aka yi ruwa ya hau wannan tudu a zamanin da babu inji babu lantarki. Suka yi ta harbo amsa, wani ya ce da guga, wata ta ce da jakuna, ita kuma ta ƙi faɗa har sai da muka kai sama. Sannan ta nuna musu cewa ruwan bai hau ba, saukowa ya yi: an tare kogin Darro ne a can sama, kimanin kilomita 6 daga fadar, inda ƙasa ta fi tudun tsawo, aka haƙa magudana mai ɗan gangare ta bi gefen dutse ta kawo shi. Ta sa suka tsoma hannu a ruwan suka ji sanyinsa, auta ya jiƙa hannun rigarsa har gwiwar hannu, kuma wannan ne karo na farko a ranar da ya nemi a sauke shi da kansa.

Idan aka tambaye ni ko zan sake biyan irin wannan hidima, zan sake, amma da sharuɗɗa. Zan tambayi kamfanin tun farko shekarun da aka rubuta littafin dominsu, da adadin lokacin da yara za su yi suna aiki da hannunsu idan aka kwatanta da lokacin da za su yi suna sauraro, zan kuma gaya wa mai jagora a keɓe cewa akwai ƙarami a cikinmu, ta tace labaranta. Zan zaɓi lokacin safe, in bar wayar a aljihu tun daga ƙofa. Madubin kuwa ba mu mayar ba domin sun ce kyauta ne, yana cikin jakar na tsakiya, kuma ya riga ya sanar da mu cewa duk tsohon ginin da za a kai shi nan gaba da shi zai tafi.