Gargaɗi: Mai Sayar da Garin "Daidaita Garkuwar Jiki" a Facebook

Jama'a, don Allah ku yi hattara da wani mai shafi a Facebook da ke tallar garin magani, wai yana warkar da kumburin maɓuɓɓugar miyau cikin sati biyu.

Yayana ya shekara da kumburi a ƙarƙashin muƙamuƙinsa, hagu da dama, ba zafi, fatar idonsa ma ta tasa. Mun ɗauka hangum ne, amma hangum ba ya shekara. Mutumin nan ya karɓi naira dubu 85, ya aiko mana da gari a leda ta hannun direban tasha, ba suna, ba lambar NAFDAC. Cikin kwana goma kumburin ya sace, har muka yi ta sa masa albarka. Wata biyu kuma sai fuskar Yaya ta cika tim, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari. Aka auna, suga ya hau.

Likita na jin labarin ya ce alamun duk na dexamethasone ne, irin wanda ake kira sha-ka-fashe, an cakuɗa a garin.

Da aka gwada jini, aka ɗebi 'yar tsoka daga kumburin aka duba, sai aka gano cutar IgG4 ce. Likitocin Japan ne suka fayyace ta a farkon shekarun 2000, ko da yake tun 1892 likita Mikulicz ya rubuta bayanin irin wannan kumburi. Wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, nau'in T, su ke yin yawa su riƙa zuga nau'in B, sai su taru a maɓuɓɓugar miyau da ta hawaye, wurin ya kumbura ya taurare. Cutar tana iya taɓa ƙoda da fankiriyas, wato gaɓar da ke daidaita suga a jini, ba a sani ba. Abin da ya fi ƙona min rai, macucin ya san kalmomin nan, da su yake yaudara. Kuma sitiroyid, wato rukunin magungunan da dexamethasone ke ciki, yana sa kumburin ya sace da gaske, shi ya sa likitoci ke ba da wani irinsa mai suna prednisolone, amma da awo, suna bibiyar suga da hawan jini. Shi kuwa ya ɗura wa mutum ba lissafi. Da sankara ce ko tarin fuka a wuyan, da ya rufe mana ita har ta yi nisa.

Wanda ya riga ya fara sha, kada ya daina farat ɗaya, yin hakan yana da haɗari. Ya ɗauki sauran garin ya je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Mu da muka kira mutumin mu faɗa masa halin da Yaya ke ciki, nan take ya toshe lambarmu.