Wata goma da fitila mai kunna kanta a tsohuwar Carina

Motata Toyota Carina E ce ƙirar 1996, irin waɗanda suka gama aikinsu a Turai, aka sauke su a Duwala, suka zo suka sake sabon aure a hannunmu. Ta girmi babban ɗana. Injinta lafiya lau, ban da abu ɗaya da ya mutu tun kafin ta zo hannuna: ɗan ƙaran nan da ke tuna wa direba cewa ya bar fitila a kunne in ya buɗe ƙofa. Ni kuwa mai sammako ne. Ranar Lahadi ina idar da Asuba nake barin Garwa, a nan arewacin Kamaru, in kama hanyar Pitowa don kasuwa, gari ya waye mini a hanya, in isa in kashe mota hankalina yana kan buhunan da zan saya. Sau uku cikin shekara ɗaya ina dawowa da azahar in tarar batir ya kwanta. Ba abin mamaki ba ne, ƙwayayen gaba biyu kowanne wat 55 yake sha, ga na baya, ga na lamba, awa shida suna zuƙa inji a kashe. A na ukun yaran da suka tura ni har sun gane ni, ɗaya ya ce, "Baba Alhaji, yau ma?"

Wannan "yau ma" ɗin ce ta kai ni ga sayen na'urar da ke kunna fitilar mota da kanta. Wani ƙanena da ke zuwa Yola sayen kayan gyaran mota ya kawo mini ita a jaka takwas, wato sefa dubu takwas, 'yar Sin ce, ba ta da wani suna da zan iya riƙewa. Abin da ke cikin kwalin bai taka kara ya karya ba: ɗan akwati baƙi kamar na ashana, wayoyi, da wani ɗan ido kamar maɓallin riga wanda ake mannawa a saman dashbod kusa da gilashin gaba. Idon yana auna hasken da ke sauka a kansa. In hasken ya yi ƙasa, akwatin ya kunna ƙananan fitilu da kod, wato fitilar da ba ta kashe wa na gaba ido. In ka zare makulli komai ya mutu. Abin ba sabo ba ne a duniya, tun shekarun 1960 motocin Cadillac a Amurka suna da irinsa. Mu ne dai ya iso mana a makare, a cikin leda.

Ɗaurawar ta ci yini guda. Mai gyaran wutar motar da na saba da shi yaro ne mai hankali, amma ya fara bin zanen da ke jikin kwalin kai tsaye, muna murza makulli fiyus ya ƙone. Ya zauna ya kwance robar da ke ƙarƙashin sitiyari, ya yi ta bin wayoyi da 'yar fitilarsa ta gwaji, can ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan motar makunninta ba wuta yake ba fitila ba, mas yake ba ta." Mas ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma jikin ƙarfen mota. Na'urar an yi ta ne don ta tura wuta, motar kuma jiran mas take yi. Sai da ya ƙara rile biyu, wato ƙananan makunnai da wuta ke kunnawa da kashewa, ya juya lissafin, sannan abu ya zauna. Na biya shi jaka biyar, kuma ban ji ciwonsu ba. Duk mai tsohuwar Toyota da zai ɗaura wannan abu, ya sa a auna wayoyin makunni tukuna kafin a yanka ko ɗaya. Ya kuma tabbata an ɗauko wutar na'urar daga layin da ke yankewa lokacin da ake tayar da inji, irin na rediyo. In ba haka ba, da asuba fitilu za su kama a daidai lokacin da batir ke fama da tayar da mota, tsohon batir kuwa ba ya ɗaukar kaya biyu.

Inda ta burge ni shi ne almuru. Magaribar ƙasarmu gajera ce, rana na faɗuwa duhu na biye da ita, kuma wannan ɗan tsakanin shi ne mafi haɗari a titi. Ido yana ruɗin mutum cewa har yanzu ana gani, alhali mai babur da ke fitowa daga lungu bai gan ka ba, mai tura ruwa ma haka, balle garken shanu da ke tsallaka hanyar Marwa. Dā sai wani ya walƙa mini fitila nake tunawa. Yanzu ina tsallake gadar Binuwai da yamma sai in ga allurar gudu ta haskaka da kanta, tun kafin ni in yarda duhu ya yi. Da fari na ɗauka gaggawa take yi. Daga baya na gane ni ne nake jinkiri shekara da shekaru.

Ƙananan matsaloli sun zo da wuri, kuma duk sun gyaru. A Afirilu muka ɗaura, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, gam ɗin da ke riƙe da idon bai yi mako ba ya narke, idon ya gangara ya faɗa ramin iska, mota ta yi ta yawo da fitila da rana tsaka. Muka ɗaure shi da ƙaramin kusa. Sai kuma ƙifta ido: duk layin da ke da itatuwan dogon yaro, fitila ta kama ta saki, ta kama ta saki, har wani mai babur ya tsaya yana tambayata ko kiransa nake yi. Akwai ɗan abin murzawa a jikin akwatin da ke ƙara jinkiri, muka kai shi wajen daƙiƙa goma sha biyar, ta nutsu. Hajiya kuma tana da halin jefa jakarta ko mayafi a kan dashbod, sai da na nuna mata inda idon yake ta daina rufe shi.

Babbar matsalar farko kuwa ba ta waya ba ce. Mu nan mun san akwai inda ake kashe fitila ko da duhu ya kai duhu. In ka shigo unguwa bayan Magariba ka tarar dattawa sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gida suna cin tuwo, ba ka dallare musu fuska, ka rage zuwa ƙananan fitilu ka lallaɓa ka wuce da sallama. In sahun salla ya fito har titi, haka. A gidan makoki, haka. Na'urar ba ta san wannan ba. Daren farko da na shiga layinmu na kai hannu na murza makunni kamar yadda na saba, fitila ta ƙi mutuwa, ta haske maƙwabcina da baƙinsa, lomar tuwo a hannu. Washegari ya ce mini, cikin raha amma da saƙo a ciki, "Malam, an yi sabuwar mota ne ba a faɗa mana ba?" Kunya ta ishe ni. Bayan kwana biyu abin ya maimaitu a wani shingen jandarma da dare, inda kowane direba ya san in ya matso sai ya rage fitila ya kunna ta cikin mota don a ga fuskarsa. Ni ina ta kokawa da makunni, su suna ta ɗaga mini hannu in rage. Dole na kashe injin gaba ɗaya nesa da su, na yi bayani da Faransancina mai ɗingishi. Ba su matsa mini ba, amma ba wurin da mutum zai so ya zama abin tuhuma ba ne. Da safe na koma wurin yaron ya sa mini ɗan makunni a gefen sitiyari mai yanke na'urar ɗungurungum. Kwalin bai zo da shi ba, kuma a ganina na'urar ba ta cika ba sai da shi. Wanda zai ɗaura ya sa a haɗa masa tun ranar farko.

Matsala ta biyu ba ta da gyara, don a halittar abin take. Idon haske yake aunawa, bai san ko ana ganinka ko ba a gani ba. Na fara lura da haka a watan Agusta a kan hanyar Ngaundere, wajen hawan dutsen nan mai lanƙwasa kafin a shiga gari. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, tirelar da ke gabana sai inuwarta, amma sama fari fat, na'ura tana barcinta. Ba don na leƙa allura ba da na ci gaba da tafiya babu ko fitilar baya. Sai hunturu ya shigo da hazonsa, ƙurar nan da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Cadi ta lulluɓe mu daga Disamba har Fabrairu. A ranar da hazo ya yi kauri ba ka hangen abin da ya wuce 'yan sandunan wuta, amma ga idon na'urar gari ya waye tas. Na gwada ƙara mata saurin ji don ta kama a hazo, sai ta koma kunnawa duk sanda girgije ya gifta. Na mayar da ita yadda take. Abin da ya fi damuna shi ne ta koya wa hannuna lalaci. Bayan wata shida ban taɓa makunni ba, sai tunanin fitila ya fita daga kaina, a daidai ranakun da ya kamata ya zauna.

To, wa zan ba shawarar ya saya? Mai yawan tuƙin yamma a cikin gari, musamman wanda shekaru suka fara taɓa idonsa kamar ni, jaka goma sha uku ba asara ba ce, muddin da makunnin yankewa. Direban doguwar hanya mai bin Marwa da Kusseri cikin hazo, ban ga abin da za ta ƙara masa ba, gara ya saba da kunna kod da hannunsa tun daga tasha. Wanda kuma mutuwar batir kaɗai ke damunsa, ya tsaya ya ji ƙarshen labarina.

Wata Lahadi a cikin Janairu na fito hazo ya rufe ko'ina. Rana ta fito, na'ura ta kashe fitila, ni kuma na yi abin da ya dace, na murza makunnin motar na asali na kunna da hannu. Na isa Pitowa lafiya, na zare makulli na shige kasuwa, na saki jiki cewa ai yanzu komai yana mutuwa da kansa. Ashe abin da ka kunna da hannu ba ruwan na'ura da shi. Da azahar na dawo, makulli ya ce ƙis, shiru. Yaran nan suka taso suna dariya, babbansu ya ce, "Baba Alhaji, ba kai ka ce mana ka sa inji ba?" Suka tura, na ba su na goro. Litinin da safe na kai ta wurin mai gyara, ya saurare ni har na gama, sannan ya buɗe wani gwangwani ya ɗauko ɗan abin ƙara mai waya biyu, ya haɗa shi tsakanin layin ƙananan fitilu da makunnin ƙofar direba. Minti ashirin, dala ɗari, wato sefa ɗari biyar. Yanzu in na buɗe ƙofa fitila na kunne sai ya yi ta tsuwa kamar gyare har in kashe. Na ce masa me ya hana shi faɗa mini wannan tun Afirilu. Ya ce, "Alhaji, ai da kwalinka a hannu ka zo."