Shafin irishgenealogy.ie: kyauta ne, amma sai ka zo da sunan ƙauye

Duk mai son bin diddigin kakanninsa na ƙasar Ailan, ko yana taya wani nema kamar yadda na taya wata abokiyar aikina, shawarata kar ya kashe ko yuro ɗaya tukuna, ya fara da irishgenealogy.ie. Na gwamnatin ƙasar ne kuma ba a biyan komai, rajistar haihuwa da aure da mutuwa duk suna ciki, ba wai jerin sunaye kawai ba fa, hoton ainihin shafin littafin zaka gani da rubutun hannun magatakarda, ka sauke shi a wayarka. Haihuwa sai wadda ta wuce shekara 100, aure 75, mutuwa 50, saboda sirrin masu rai.

Takardar aure ita ce ta fi burge ni gaskiya. Layi ɗaya ne amma ga sunan ango da amarya, ga sana'arsu, ga inda suke zaune, ga sunan uban kowannensu da abin da yake yi, har da shaidu biyu, wani wurin ma zaka ga alamar X a gurbin sa hannu saboda mutumin bai iya rubutu ba. Da takarda ɗaya ka haura zuwa kakan kaka.

To amma fa akwai bango. Rajistar kowa da kowa sai 1864 aka fara ta, auren waɗanda ba 'yan Katolika ba ne kawai ya faro daga 1845, alhali ɗimbin mutanen da ake nema sun bar ƙasar tun lokacin babbar yunwar 1845 zuwa 1852. Wanda kakansa ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka a 1848, wannan rajistar ba za ta san da shi ba. Sai dai ya koma littattafan cocin Katolika da Laburaren Ƙasa na Ailan ya ɗora a intanet a 2015, su ma kyauta, amma babu wurin rubuta suna ka danna nema, shafi bayan shafi zaka bi da ido, ga wasu da Latin aka rubuta, James ya koma Jacobus, William ya koma Gulielmus, ga tawada ta dusashe, haba wuya kam akwai ta.

Ƙidayar jama'a kuwa abin takaici ne. Ta 1821 zuwa 1851 kusan duk ta ƙone a gobarar ma'ajiyar takardu ta Four Courts a Dublin a 1922, farkon yaƙin basasa, ta 1861 zuwa 1891 kuma hukuma ce da kanta ta lalata su tun kafin nan. Ta 1901 da ta 1911 sun tsira, suna shafin Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa. Sai dai kar ka yarda da shekarun da ke ciki ido rufe, tunda aka kawo fanshon tsofaffi a 1908 ga 'yan shekara 70, wasu sai ka ga sun ƙara shekara goma sha wani abu tsakanin ƙidayar biyu.

Babban abin da zan ja kunne a kai shi ne, shafin ba boka ba ne. Ka rubuta Patrick Murphy kawai ka ga yadda sakamako zai binne ka da ranka. Ailan tana da ƙananan yankuna da suke kira townland sama da 60,000, wani bai wuce gonaki kaɗan ba, kuma da su ake gane wane gida ne wane. Don haka aikin a gida yake farawa, a tambayi tsofaffi, a duba tsohuwar wasiƙa, takardar zama ɗan ƙasa, rubutun kan kabari, a samo sunan wurin ko na cocin. Sunan ma a gwada shi iri-iri, O'Sullivan da Sullivan sau da yawa mutum ɗaya ne.

Masu dangi a Ailan ta Arewa, bayanan daga 1922 zuwa gaba suna Belfast, can kuma sai an biya. A waya rubutun hannun yana wahalar karantawa sosai, in da hali a buɗe a kwamfuta.